Zagaye Uku a Kan Tayarod

Kafin in shiga labarin yau, bari in roƙi masu yi mini dariya a ƙasan rubutun nan su ɗan sassauta. Na ga wadda ta rubuto wai ita tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an yi soyayya a gindin tayar mota ba. To 'yar uwa, gyara zama. Ni Sailuba, autar Malam Babandi direba, a gindin taya aka ce ana so na, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, kuma ban amsa ba. Rashin amsar nan ne zan ba ku yau.

Shekarar 1988 ce, damina na bankwana, sabuwar doya ta cika gari. Lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Filato, ni kuma ina da shekara ashirin cif. Babu waya a hannun kowa, balle ka tura saƙo ka goge. Abin da ka faɗa ka faɗa, abin da ka haɗiye kuma ya tafi ke nan.

Babanmu ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙi kafin yana ta rufe masa idanu. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, amma in ka ɗora masa noti a tafin hannu sai ya shafa kafin ya gaya maka lambarsa. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ukun sun yi aure. Abin da ya rage masa shi ne ni, da Inna Batulu mahaifiyata, da wata Fijo akori-kura fara da rana ta mayar ruwan ƙasa. Ita ke ɗauko doya daga Assakio da Agyaragu, ita ke ciyar da mu. Baba bai yarda a kai ta gareji ba, ya ce makanikan zamani da guduma suke tambayar mota inda ke mata ciwo. A gida ake gyara ta, ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu, shi da hannu, ni da ido. Tun ina shekara sha uku nake miƙa masa sifana. Har tuƙi ya koya mini a filin ƙwallon firamare, sai da Inna ta rantse in ta ƙara jin na taɓa sitiyari za ta tattara ta koma gidansu.

Mai tuƙa motar kuwa Na'Allah ne. Ɗan Alago ne daga Assakio, dogo, baƙi, mai wushirya, mai irin maganar da sai ka matso za ka ji. Hausarsa ta mutanen wajenmu ce da suka tsince ta a kasuwa, babu mace babu namiji, kowa "ka", komai "shi". Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya dube ni ya ce, "Sannu, ka taimaka mini da ruwa." Na waiga in ga wane ƙato ne a bayana. Wata guda na yi ina gyara masa, ina ce masa ni "ki" ce, ya ce to ya ji, gobe ya maimaita. Har na gaji na ƙyale shi.

Ban san ranar da abin ya juye ba. Kawai na wayi gari duk faɗin Lafiya babu kalmar da nake jira kamar "ka" ɗin nan tasa. In ya dawo daga kasuwa, tun daga kwanar masallaci nake gane kukan injin, sai in ga na tsaya da ludayi a hannu na manta abin da nake motsawa. Ya shigo, ya rataye makulli a ƙusar jikin mangwaro, ya ajiye lemu biyu a kan bonet, ya wuce wajen Baba. Bai taɓa cewa lemun nawa ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, amma babu wanda ya taɓa shan su sai ni. Shekara biyu muna haka. Wallahi da lemu yana magana da tuni an ɗaura mana aure.

Ana nan sai ga Malam Nababa, malamin sakandare, mai Vespa da farin tabarau. Kada ku jira in zage shi, mutumin kirki ne, ban da abin da zan ce ya yi mini. Babu kuma wanda ya tilasta mini. Inna dai ce ta sa ni gaba safe da yamma: ƙawayena duk da goyo, ni ina nan ina warin kananzir, wane namiji ne zai ci tuwon da aka tuƙa da farce baƙi. Baba shi bai da yawan magana. Ya kira ni ya ce ba zai ba da ni ga wanda ba na so ba, amma kuma ba zai bar mutanen kirki suna ta zarya a ƙofarsa ba. Ranar Juma'a mutanen malam za su zo jin amsa, ko in ce e, ko in faɗi sunan wani.

Ku gaya mini, sunan wa zan faɗa? Sunan mutumin da duk abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce "ka miƙo sifana mai lamba sha bakwai" ba? In na faɗa, aka kira shi, ya ce shi lemu kawai yake ajiyewa fa? Ai sai dai in bar garin.

Ranar Litinin ina tsintar shinkafa a bakin madafa na ji Na'Allah yana gaya wa Baba wai kawunsa ya samo masa tuƙin tanka a Fatakwal, zai bi motar Makurdi ranar Laraba bayan la'asar. Na ci gaba da tsinta, ashe tsakuwar nake mayarwa cikin faranti, shinkafar nake zubarwa kaji. Ya ce amma kafin ya tafi yana so a canza tayarod, sitiyari ya fara wasa, ba ya so wanda zai karɓi motar ya gamu da tsautsayi. Har ya sayo sababbi guda biyu a shagon kayan mota na bakin tasha, kowanne a kwalinsa.

Ga waɗanda ba su sani ba, tayarod wani ƙarfe ne da ke kai saƙon sitiyari zuwa tayar gaba, ɗaya a hagu ɗaya a dama. A bakinsa akwai kai mai gaɓa, yana juyawa kamar kafaɗar mutum. In gaɓar ta cinye, sai ka murɗa sitiyari taya ta tsaya tana shawara. Kan nan ɗaure shi ake yi a jikin sandar kamar murfin kwalba, kuma a nan sirrin yake. Zagaye nawa tsohon ya yi kafin ya fita, zagaye nawan ne sabon zai yi ya shiga. In ka rage ko ka ƙara, tayoyin gaba za su kalli juna ko su juya wa juna baya, mota ta dinga ja gefe, ta cinye taya cikin sati biyu, in da kaya a kan gangara kuma sai abin da Allah ya yi. Mu ba mu da injin saiti, sai alli da zare da ƙirga.

Ƙirgar nan aikina ce, kuma Baba ya kafa mata doka tun ina yarinya. Ana zana alli a saman kan tayarod, duk lokacin da allin ya dawo sama zagaye ɗaya ke nan. Mai ƙirga a zuci yake yi, ba ya magana, ba a yi masa magana, ko sallama ba ya amsawa sai ƙarfen ya fita. Na'Allah tun zuwansa ya ce shi a cire shi a wannan, wai da Alago yake ƙirga, in ya wuce goma sai Hausa ta shigo ta rikita shi. Saboda haka shi ke juyawa, ni ina kan 'yar kujera kusa da shi ina kallon alli. A shekara biyun nan mun ƙirga abubuwa da yawa, ban taɓa kuskure ko sau ɗaya ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Ranar Talata da yamma Inna ta kama ni ta ɗaura mini lalle, wai ya rufe baƙin da ya zauna a gefen faratana kafin Juma'a. Ta gargaɗe ni kada in kusanci motar nan. Na ce to. Laraba da sassafe na ɗora tsohuwar rigar aikin Baba a kan zanina, na naɗe hannuwanta, na fito. Ta dube ni daga bakin murhu, ta girgiza kai, ta ce Allah ya shirye ni. Ita ba ta san ba mota na fito gani ba. Awa takwas suka rage mini in gan shi a duniya, lalle ne zai hana ni?

Na'Allah ya zo da shuɗiyar rigarsa mai aljihu biyu, wadda wuyanta ya fara zarewa. Ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya ce da ni, "Ka kwana lafiya?" Na ce lafiya lau, alhali ban san yadda na kwana ba.

Muka sa duwatsu a tayoyin baya. Ya sassauta notocin taya tun tana ƙasa, ya ɗaga da jak, muka tura kututturen ɗorawa a ƙarƙashi, don Baba bai taɓa yarda mutum ya sa kansa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Taya ta fita. Baba ya durƙusa ya kama tsohon kan tayarod na hagu ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas. Ya shafa robar ya ce ta yage tun tuni, yashi ya shiga ya cinye gaɓar. Na zare fin ɗin da filaya, Na'Allah ya kwance notin ƙasa. Kan ya ƙi fita daga mazauninsa, dama haka suke yi. Baba ya ce kada a kuskura a doki haƙoran, a tokare da guduma ɗaya ta baya, a doki gefen mazaunin da ɗayar. Bugu na huɗu ya saki. Na'Allah ya sassauta notin da ke kulle shi a jikin sanda, na zana alli, gida ya yi tsit.

Sha takwas. Na faɗa, Baba ya maimaita, aka shafa wa sabon giris aka mayar da shi sha takwas, aka ɗaure, aka sa sabon fin. Muna komawa dama Baba ya ce in buɗe ido da kyau, kada in ɗauka dama za ta yi daidai da hagu. Tun shekarar da motar ta faɗa ramin kwalbati a hanyar Agyaragu ɓangarorin biyu ba su ƙara zama ɗaya ba.

Mun cire taya, mun fitar da kan daga mazauninsa, na zana alli ke nan, sai aka yi sallama a zaure. Orshi ne maƙwabcinmu, Batibi mai doya, ya zo jin wanda zai dinga ɗauko masa kaya in Na'Allah ya tafi. Baba ya miƙe yana laluben bango, ya ce mu ci gaba, ai ƙirgar tana hannun mai ita.

Na'Allah ya kama ƙarfen ya fara juyawa. Ɗaya. Biyu. Ina ganin jijiyar hannunsa tana tashi tana kwanciya. Kafaɗarsa ba ta fi kamu ɗaya da gwiwata ba, ina jin warin sabulun wanki a rigarsa a ƙarƙashin warin mai. Bakwai. Takwas. Na ce a raina, Sailuba, wannan ne zama na ƙarshe, ki ƙirga a hankali. Shi ma kamar ya ji, juyin ya ragu.

Ina sha ɗaya ya yi magana, idonsa a kan ƙarfen.

"Kada ka amsa, na san kana ƙirga. Shi ya sa na zaɓi yanzu. In kana kallona ba zan iya ba."

Sha biyu. Na riƙe ƙirgar.

"Na ji maganan malamin nan. Mutumin kirki ne, yana da aiki, yana da Vespa. Ni tabarma ne da ni, da akwati ɗaya."

Sha uku. Sha huɗu.

"Fatakwal ɗin nan ba aiki zai kai ni ba. In an yi bikin, motan nan ne zai ɗauki kayan ɗakinka, ni ne kuma direba. Ba zan iya ba."

Allin ya zo sama, ya wuce. Ya sake zuwa. Na ga farin layin sarai, amma lambar da ke kaina ta fara rawa. Sai ya sauke murya har sai da na karkata kafin na ji.

"Ina son ka."

Jama'a, shekara biyu ina jiran wannan. Na sha tsara amsar da zan bayar, ina wanke-wanke, ina shara, ina kan sallaya ma Allah ya yafe mini. Ga ta ta zo, bakina ya ƙi buɗewa. Shekara bakwai Baba yana horar da harshena ya mutu in alli na juyawa, ranar nan ya mutu da gaske. Idona na kan ƙarfen yana juyawa, yana juyawa, ni kuwa babu ko lamba ɗaya a kaina. Sai ji na yi kan tayarod ɗin ya faɗo a tafin hannunsa.

Ya ɗago ya dube ni. Na buɗe baki ke nan sai ga takun Baba a bayanmu.

"Nawa?"

Da na ce ban sani ba, da Baba ya tambayi dalili, a gaban Na'Allah, a gaban Inna da ke leƙowa daga madafa. Na ji bakina ya ce, "Sha takwas." Baba ya ce to. Na'Allah ya ƙara dubana, wani irin kallo da ban gane ba a lokacin, ya sunkuyar da kai ya jawo kwalin sabon.

Ko numfashi ban gama saukewa ba sai ga sallamar mata. Gwaggonnin Malam Nababa ne su biyu, da mayafai masu sheƙi da ƙullin goro, wai sun biyo hanya ne suka ce bari su leƙo kafin Juma'a. Ƙarya suke, so suke su gan ni ba shiri, kuma sun gan ni. Inna ta fizgo ni ta bayan ɗaki kamar ta kama ɓarauniyar kaza. Ta zuba mini kananzir a hannu, ta bi da toka, ta bi da sabulu, tana dirza tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai na kashe ta, na tona mata asiri. Jan lallen da baƙin man suka haɗu suka ba da wani launi da ba shi da suna. Ta zura mini atamfata mai ganyen kore, ta ɗaura mini ɗankwali, ta fesa mini turare har sai da na yi tari.

Na zauna a gefen tabarma a ɗakin Inna, kaina a ƙasa. Suna ta yabon malam, wai ko shayi ba ya sha sai da mazubi a ƙarƙashin kofi. Babbar ta kama hannuna ta juya shi, ta kai hanci, ta yi murmushi ta ce in na zo gidansu hannun nan zai huta. Na ce a raina, wa ya gaya miki ya gaji?

Jikina ne kawai a ɗakin, kunnena yana gindin mangwaro. Na ji ƙarar sifana. Na ji an buga fin. Na ji taya ta hau, notoci biyar-biyar ɗin da yake ɗaurewa a gicciye kamar yadda Baba ya koya masa. Na ji jak yana sauka. Duk abin nan da hannuna ya kamata a yi shi, ga ni nan ana tambayata ko na iya miyar kuka. Aka kira azahar, suka yi salla a ɗakin, Inna ta kawo sakwara, suka ci suka ƙara.

Sai na ji muryar Na'Allah yana sallama da Baba. Ban ji kalmomin ba, na dai ji Baba yana sa masa albarka, ya daɗe yana yi. Na ji makulli ya hau ƙusa. Takun silifas ɗinsa ya biyo ta ƙofar ɗakin Inna, ya tsaya a bayan labule. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa, da baƙin mai a babban yatsa. Ya ce wa Inna shi zai wuce, a yafe masa. Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ƙafafun suka ƙara tsayawa kaɗan, kamar na ƙirga biyar, sannan suka juya. Babu abin da ya raba ni da shi sai yadin labule, amma ga baƙi, ga Inna, ga kunya. Na danne kukan, ƙaramar gwaggon ta ce kai, yarinyar akwai natsuwa.

Ba su tafi ba sai da inuwar mangwaro ta kai bakin rijiya. Inna ta raka su. Na fito da gudu, babu kowa sai Baba a kan tabarmarsa, da motar a tsaye kan ƙafafunta huɗu. A kan bonet lemu biyu.

A nan na kasa. Na durƙusa gaban Baba ina kuka, na ce masa na yi ƙarya, ƙirgar dama ta ɓace mini, sha takwas ɗin da na faɗa ta hagu ce na ara. Na ce kada a bar kowa ya hau motar nan sai an kwance an sake. Na ɗauka zai yi faɗa, don a wajen Baba ƙaryar ƙirga ta fi satar nama a tukunya muni. Bai yi ba. Ya ce in ɗauko zare.

Muka miƙe sitiyari. Ya riƙe bakin zaren a gaban tayar hagu, na ja zuwa ta dama, na ƙulla alama. Muka koma bayan tayoyin muka sake aunawa. Na duba, na sake dubawa. Daidai suke, yadda Baba yake so, gaban ya ɗan fi matsewa da kaurin tsinken ashana.

"Da sha takwas ya sa, da zaren nan ya gaya mana," in ji Baba. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya jawo kwalin tayarod ɗin dama, wanda babu komai a ciki, ya miƙo mini. Ya ce Na'Allah ya ce a ba ni in ajiye, wai ko za a buƙaci lambar kayan wata rana.

Na buɗe. A cikin murfin kwalin, da biro shuɗi, da irin rubutunsa na ɗan aji shida mai manyan baƙaƙe, ga abin da ya rubuta. Har yau kwalin yana cikin akwatina, ba sai na duba ba:

"21 ne, ba 18 ba. Na iya ƙirga tun ina yaro, na ce ban iya ba ne don ka zauna kusa. Shekara biyu ba ka taɓa kuskure ba sai yau. Kalma uku na faɗa, zagaye uku ka ɓatar. In kuskure ne kawai, Allah ya ba ka zaman lafiya da malam. In ba kuskure ba ne, mota yana tashi bayan la'asar."

Na karanta sau biyu. Dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ni. Munafuki, ashe shekara biyu yana ƙirgawa tare da ni, ina ta hura hanci wai ni kaɗai na iya.

Baba ya tambayi me aka rubuta. Na ce, "Ashirin da ɗaya."

"Shi ke nan?"

Na mayar da murfin kwalin na rufe.

"Sailuba, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Na ji biro yana tafiya a kan kwalin nan ya fi minti biyar. Kuma tun kina shekara sha uku, ko aradu aka yi ba kya ɓatar da ƙirga." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Na ce ranar Juma'a ki faɗi suna. Ban ce sai Juma'a ba."

Na sunkuyar da kai, na faɗa. Karon farko ke nan da sunan ya fita daga bakina a gaban wani ba don in ce ga abincinsa ba. Daidai lokacin ladanin masallacin kwana ya ɗaga murya, la'asar ta yi.

Baba ya yi sallarsa a nan kan tabarma, ni ma na yi tawa a bayansa, Allah ya karɓa, don ban san abin da na karanta ba. Yana sallamewa ya miƙe, ya lalubi jikin mangwaro, ya zare makullin daga ƙusa ya ajiye a tafin hannuna. Ya ce ba a gyara sitiyari a bar mota ba gwaji, kuma duk Lafiya babu hanyar da ta kai ta tasha ramuka.

Inna ta dawo daga rakiya ta same ni a bayan sitiyari da atamfar baƙi, Baba a gefena ya ɗora hularsa a gwiwa. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin goron a hannu. Ta tuna mini rantsuwarta, ta tambayi Baba ko hankalinsa ɗaya, ta ce me za ta gaya wa mutanen malam. Baba ya ce ta ajiye goron kada ta raba, in mun dawo za a yi magana. Ta dube ni, ta ga idona, ta ga kwalin a cinyata. Ban san abin da ta gani ba, amma ta matsa gefe, ta ma janye turmin da ke kan hanya. Sai da na wuce ta na ji tana cewa in bi a hankali, 'yar banza.

Rabona da tuƙi shekara uku. Motar ta yi tsalle sau biyu kafin ta yarda da ni. Muka fita kwanar masallaci, masu alwala suka bi mu da kallo, mace a sitiyari, makaho a gefe. Muna hawa kwalta Baba ya ce in saki sitiyarin kaɗan. Na saki. Ta tafi sak, ko gezau, ba hagu ba dama. Baba ya gyaɗa kai ya ce yaron ya iya aiki.

Ban ji ramukan ba, ban ga masu talla ba. Abin da kawai nake maimaitawa shi ne amsar, kalma uku ni ma, kuma na yanke shawara da irin Hausarsa ba sai na gyara komai ba, yadda ya faɗa mini haka zan mayar masa. Muka sha kwanar tasha. Tun daga nesa na hango gurbin motar Makurdi, babu komai a wurin sai ɓawon rake da ɗan kamasho yana karkaɗe hula. Can gaba, inda hanya ta miƙe kudu, wata doguwar bas tana hawa kwalta, kaya jibge a samanta. A can ƙarshen kayan, ɗaure da igiya, ga koren akwatin ƙarfen da na sani.

Ƙafata ta saki totur da kanta. Baba ya ji injin ya sauka.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

Ya mayar da hularsa kai, ya gyara zama, ya kama ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya.

"Shekara ashirin da shida na yi a hanyar nan, ban taɓa ganin motar Makurdi ta wuce Agyaragu ba ta tsaya ɗaukar fasinja ba. Tayarod ɗinki sabo ne. Me kike jira?"

Na share idona da bakin ɗankwali, na jawo giya ta uku, na taka.